Hubble ya tsufa: a gyara shi ko a bar wa na baya aikin?

Mushen Fizik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da safe wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya tare ni a bakin ƙofar aji, wai ya gani a waya an yi wa Hubble ritaya, an ɗora sabon madubin nan James Webb a gurbinsa. Na ce masa Hubble na nan yana aiki, sai dai da sanda yake dogarawa. Kafin in ƙarasa aka kaɗa ƙararrawa, shi ya sa na kawo maganar nan. Ga wanda bai san shi ba, Hubble madubin hangen nesa ne da aka harba sama ranar 24 ga Afrilun 1990 cikin kumbon Discovery, aikin hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Turai. Tsawonsa mita 13, kamar babbar bas ɗin Yamai, madubin da ke cikinsa kuma faɗinsa mita 2.4. Cikin minti 95 yake kewaye duniya, a nisan kusan kilomita 500 daga ƙasa. In ya gitta ta saman Damagaram ya fi Yamai kusa da mu, tunda Yamai kusan kilomita 900 ce. To a ganinku, a kashe kuɗi a gyara tsohon, ko a bar shi ya ƙarasa kwanansa a zuba kuɗin cikin sababbi?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam Mushe. Ni ba na yanke wa mota hukunci sai na ji kukan injinta. Me ya lalace a jikinsa takamaimai?

Mushen Fizik: Madalla da tambaya. Idonsa lafiya lau, kyamarorinsa na aiki. Ciwon yana wuri biyu. Ka tuna katantanwa da muke murzawa muna yara? Muddin tana juyi da ƙarfi, tsaye take ƙyam ba ta faɗuwa. A cikin Hubble akwai wasu 'yan na'urori masu irin wannan juyin, da su yake gane inda ya fuskanta da saurin da yake karkata. A 2009 an sa masa sababbi guda shida. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta gazawa, har a watan Yunin 2024 NASA ta ce daga yanzu da guda ɗaya zai riƙa aiki, an ajiye ɗaya saboda ɓacin rana. Yana gani kamar da, amma in zai juya daga wannan tauraro zuwa wancan sai ya ɗauki lokaci, kuma ba ya iya bin abu mai tafiya da ya fi duniyar Mars kusa da mu. Ciwo na biyu shi ne saukowa. Can inda yake akwai ɗan ragowar iska siririya da ke jan sa kaɗan-kaɗan, shi kuwa ba shi da injin da zai tura kansa sama. In ba a taɓa shi ba, ana sa ran zai faɗo cikin shekarun 2030.

Mai Gareji: Au, shi ke nan? Ai wannan ba mutuwa ba ce Mushe, canjin kaya ne da turi. Akwai wata tsohuwar 504 da ake kawo mini, ta girmi duk yaran garejina. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma ba Lahadin da ba ta zuwa kasuwar Miriya da buhuna har saman rufi. Sau uku ina sauke injinta. Da mai ita ya bi ta masu cewa ya sayar da ita a kilo, da yanzu a kabu-kabu yake yawo.

Ɗan Birni: Haba Yaya, kai komai 504. Kun ga hotunan da Webb ya turo a Yulin 2022 kuwa? Madubinsa mita 6.5 ne, gutsure 18 masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, an shafe su da zinariya. In sabon wata ya fito wa ke neman fitilar ƙwai? A bar tsoho ya huta.

Ɗalibar Jami'a: Ina wuninku iyayena da yayyena. Baba Mai Gareji, tarihi yana bayanka fiye da yadda kake zato, don Hubble da ciwo aka haife shi. Bayan an harba shi sai aka tarar hotunansa dishi-dishi. Ashe wajen gogar madubin an yi kuskure a gefensa, kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai ba. Duniya ta yi ta yi wa NASA dariya shekara uku. A Disamban 1993 'yan sama jannati suka je suka kama shi da hannun kumbo, suka sa masa abin da za a iya kira tabarau, gani ya washe. Sau biyar ana zuwa masa: 1993, 1997, 1999, 2002 da 2009. A yawancin zuwan a cire tsohuwar kyamara a sa sabuwa, a canza batura ko faifan hasken rana. Abin da ke sama yau gangar jikin ce ta 1990, kayan ciki da yawa an sake su. Matsalar ita ce motar bakaniken ta mutu. Kumbunan da ke kai mutane wurinsa, masu dogon hannun kama kaya, an daina aiki da su a 2011.

Mai Gareji: Allah ya yi miki albarka 'yata. Kun ji ko? Gyara ne ya kai shi shekara 30 da ɗoriya. To ba wata mota?

Ɗalibar Jami'a: An yi maganar, Baba. A 2022 NASA da kamfanin SpaceX sun yi nazarin ko kumbon Dragon zai iya zuwa ya tura shi sama. A 2024 NASA ta ce a dakata, don tana tsoron garin gyaran gira a rasa ido, tunda har yanzu yana aiki. Amma a zuwan 2009 an maƙala masa wani zobe a gindi, wanda wani kumbo zai iya kamawa wata rana, ko a ɗaga shi ko a sauko da shi cikin teku inda ba zai faɗa wa kowa a ka ba.

Alhaji na Dole: Ni duk ban ji inda kuka faɗi kuɗi ba. Shi sabon nawa ya ci?

Ɗan Birni: Kusan dala miliyar 10, Alhaji.

Alhaji na Dole: Dala tamu ko tasu?

Ɗan Birni: Tasu mana, ranka ya daɗe. Da tamu ce ai da kai kaɗai ka saya.

Alhaji na Dole: Allah ya shirye ka. Na buga a na'urar lissafin shago, ya tasar wa sefa miliyar dubu shida, wato kusan ninki biyu na kasafin ƙasarmu na shekara. Don a leƙa taurari. Inna lillahi.

Maman Nafisa: Gara da ka faɗa Alhaji. Ni da asuba na jera bido shida a bakin famfo, har rana ta take ko ɗigo, sai da na kira mai garuwa. Mutum na fama da ruwan sha a ƙasa ana ba shi labarin madubi a sama. Mushe, kar ka ji haushi, amma me zai ƙare mu da shi?

Mushen Fizik: Ba zan ji haushi ba Hajiya, kuma ba zan yi miki ƙarya ba: Hubble bai taɓa kawo wa kowa ruwa a famfo ba, Webb ma ba zai kawo ba. Masu amfanin kai tsaye su ne taurarin ɗan Adam masu kallon ƙasa, irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke amfani da hotunansu wajen bin damina da makiyaya. Su Hubble da Webb baya suka ba mu, sama suke kallo. Sai dai abu biyu. Kuɗin na masu biyan harajin Amurka da Turai da Kanada ne, an kashe shi cikin fiye da shekara 20, kuma da ba a yi madubin ba, ba rijiyar Damagaram za a haƙa da shi ba. Na biyu, abin da ya gano kyauta ne. Hotunan da bayanan duk ana zuba su a rumbu a intanet, kowa na iya saukewa. Yarinyar nan ta jami'a in ta samu rezo mai kyau, abin da ɗalibin Faransa zai buɗe shi za ta buɗe.

Ɗalibar Jami'a: In an samu rezon, Mushe. Wancan makon kwana biyu na yi ina sauke hoto ɗaya, yana kai rabi aka ɗauke kuran.

Baba Liman: Salamu alaikum. Jikana ne ke karanta mini, shi ke rubuta wannan. Tambayata ɗaya. Tunda abin nan yana sama da hazo da gajimare, me ya hana a tambaye shi jinjirin watan azumi, a huta da gardamar kowace shekara?

Mushen Fizik: Allah gafarta Malam, barka da yamma. Ai nan ne gizo ke saƙar. Jinjirin wata kullum a gindin rana yake tsayawa, shi ya sa muke duba shi yamma bayan faɗuwarta. Hubble kuwa an hana shi kallon duk abin da ke kusa da rana, sai ya nisance ta da aƙalla digiri 50, in ba haka ba zafinta ya lalata masa ciki. Webb ya fi shi tsanani, don shi rana da duniya da wata duka a bayansa suke, ya kafa musu laima. Jinjirin wata sai dai idon mutane da ƙananan madubai na ƙasa.

Baba Liman: To madalla. Ashe kowa da iyakarsa. Allah ya ƙara sani.

Mushen Fizik: Amin Malam. Bari in koma kan ƙanena Ɗan Birni, don maganar fitilar ƙwai ta tsaya mini a rai, kuma ita ce kuskuren da yaron nan na aji ya yi. Webb bai gaji aikin Hubble ba, don ba haske iri ɗaya suke gani ba. Kowa ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya buɗe kyamarar wayarsa, ya auna kan rimot ɗin ga kyamarar ya danna. A yawancin wayoyi za ku ga ɗan ƙwai yana walƙiya, alhali idonku bai ga komai ba. Wannan hasken da ke gaba da ja, hasken zafi, shi Webb ke gani. Amfaninsa babba ne. Yana ratsa ƙurar sararin sama, sai a ga taurarin da ake haifa a cikinta. Kuma da yake sararin yana faɗaɗa, hasken da ya taso daga nesa ƙwarai yana miƙewa a hanya har ya koma irin wannan. Da haka Webb ya hango garken taurari kamar yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan farkon sararin, wanda shekarunsa suka kai miliyar 13.8. Hubble ba zai iya wannan ba.

Amma a ɗaya gefen bakan gizo, gaba da shuɗi, akwai wani hasken da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata in rana ta yi tsanani. Taurari matasa masu zafin gaske da shi suka fi haskawa, da shi kuma ake gane wasu iskokin da ke tsakanin taurari da na kewayen wasu duniyoyi. Webb makaho ne a nan. Daga ƙasa ma ba a ganinsa sosai, don iskar da ta lulluɓe duniya tana tare mafi yawansa, rahama ce gare mu. Babban ido mai kaifi da ake da shi a wannan hasken shi ne tsohon nan. Ranar da ya rufe ido, wannan tagar za ta daɗe a rufe. Shi ya sa masana da yawa ke auna abu ɗaya da su biyun, su haɗa hotunan.

Ɗan Birni: Na karɓi gyara Mushe, amma rabi. Ai akwai wasu na tafe. Sabon madubin NASA mai suna Nancy Grace Roman fa? Madubinsa daidai da na Hubble, mita 2.4, amma hoto ɗaya nasa yana ɗauke filin sama da ya ninka na Hubble sau 100. Turawa ma sun harba Euclid a Yulin 2023 yana zana taswirar sama. Ba za a zauna jiran tsoho ba.

Ɗalibar Jami'a: Gaskiya ne Yaya, amma Roman ma ya fi karkata wajen hasken zafi, ba ya ganin wancan na gaba da shuɗi. Shi mai shara ne da babbar tsintsiya, Hubble mai tsintar allura. Wanda ake shirin ya gaji Hubble da gaske shi ne wanda suke kira Habitable Worlds, mai neman duniyoyi irin tamu a kewayen wasu taurari, kuma maganar shekarun 2040 ake yi. In Hubble ya faɗo a 2030 da wani abu, ku lissafa tazarar. Webb kansa da farko cewa aka yi za a harba shi tun kafin 2010, bai tashi ba sai ranar 25 ga Disamban 2021. Wanda ya ga haka ba ya zubar da ruwan tulu don ya ga hadari.

Mai Gareji: Tsaya 'yata. Shi wannan Webb ɗin in ya lalace wa ke zuwa masa?

Ɗalibar Jami'a: Ba kowa, Baba. Yana nisan kilomita miliyan 1.5, kusan ninki huɗu na nisan wata, kuma ɗan Adam bai taɓa yin nisa haka ba. Dole aka kai shi can, don mai ganin zafi sai ya kasance cikin sanyi, ƙasa da sifiri da fiye da digiri 220. Laimarsa hawa biyar ce, faɗinta kamar filin wasan tanis. A naɗe aka tura shi cikin rokar Ariane 5 daga Kuru da ke Kudancin Amurka, ya warware kansa a hanya, kuma injiniyoyin sun lissafa wurare 344 da in ɗaya ya cije aikin zai iya tashi a banza. Allah ya taimake su ba wanda ya cije. A Mayun 2022 wani ɗan ƙanƙanin dutse ya bugi ɗaya daga gutsuren madubin ya bar tabo, haka nan aka haƙura da shi. An ce man da ke cikinsa zai kai shi kusan shekara 20.

Mai Gareji: La haula. Wato irin motocin yanzu ne, masu kwamfuta a ciki, bakanike ya buɗe ya tsaya yana kallo kamar baƙauye a birni. Wancan watan aka kawo mini wata sabuwa fil, wai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa ya mutu, sai da aka ɗora ta a kan babbar mota zuwa Kano. Ni dai dala miliyar 10 a wurin da hannu ba ya kaiwa, ban ga wayo ba.

Ɗan Birni: Amma Yaya ka lissafa kuɗin zuwa gyaran? Kowane tashin kumbon nan ɗaruruwan miliyoyin dala yake ci, ga ran mutane a tafin hannu. Bayan haɗarin kumbon Columbia a 2003, da mutum bakwai suka rasu, har soke zuwa na ƙarshe aka yi, sai daga baya aka dawo da shi. Akwai masu cewa da kuɗin zuwa biyar ɗin nan da an ƙera wani sabon madubin. Kai ma akwai motar da kake ce wa mai ita gyaranta ya fi kuɗinta.

Mai Gareji: Akwai. Amma ba wadda injinta ke tashi bugu ɗaya ba.

Mushen Fizik: Mai Gareji, akwai masu ra'ayinka, mutanen Sin. Suna shirin harba nasu mai suna Xuntian, madubi mita 2, kuma dabarar ita ce ya riƙa yawo a hanya ɗaya da tasharsu ta sararin sama mai suna Tiangong. In yana son gyara ko mai, sai ya matso ya jingina da tashar a duba shi, ya koma bakin aiki. Amurkawan ma sun ce wancan na 2040 za su ƙera shi yadda za a iya yi masa gyara.

Mai Gareji: Yauwa! Ka ajiye mota kusa da gareji. Waɗannan sun san sana'a.

Ɗan Zango a Akara: Ina gaida mutanen gida, yaya zafi? Ina bin ku tun ɗazu daga wurin aiki. Yaya Mai Gareji, ga wani abin da zai yi maka daɗi. Nan Gana, a Kuntunse kusa da Akara, akwai wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da aka daina amfani da shi. Maimakon a yanka shi a sayar da ƙarfe, sai aka gyara shi da taimakon Afirka ta Kudu ya koma na'urar sauraron taurari, aka buɗe shi a 2017. Afirka ta Kudu kuma tana da MeerKAT mai faifai 64. Kar a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Ko Cheick Modibo Diarra na Mali ai a NASA ya yi aiki, da shi aka tura kumbo Mars.

Alhaji na Dole: To tunda a ƙasa ma ana yi, me ya sa ba za su zo su kafa a arewa da Tanut ba? Fili ga shi nan har ya yi yawa, dare kuma baƙi ƙirin. Sai mu samu kasuwa.

Mushen Fizik: Duhun kam muna da shi Alhaji, wanda ya kwana a daji wajen Tanut ya san yadda Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Ƙura ce ke kashe mu. Daga hunturu zuwa bazara hazo ne, kuma madubi ba abin da ya tsana kamar ƙura. Suna neman kan dutse mai tsawo, busasshe, inda iska ba ta rawa. Shi ya sa Turawa suka tafi hamadar Atakama a Chile, can suke gina wanda madubinsa mita 39 ne a kan dutsen da ya kai mita 3,000. Zai fi Hubble kaifin gani a wasu abubuwan, amma yana ƙarƙashin iska, wancan hasken na gaba da shuɗi ba zai iso masa ba shi ma.

Maman Nafisa: Mushe, Nafisa ta gwada abin rimot ɗin. Wallahi ya yi walƙiya, fari-fari da ɗan ja. Yanzu ta bi duk gidan tana haska wa ƙannenta, ta hana babansu kallon labarai. Ta ce in tambaye ka ko ana iya ganin shi Hubble ɗin da ido.

Mushen Fizik: Ana iya gani, Hajiya, kuma mun fi mutanen Faransa sa'a a nan, don hanyarsa ba ta yin nisa da tsakiyar duniya, ta saman ƙasashenmu take bi. Bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska shi can sama, za a ga kamar tauraro yana tafiya a natse daga yamma zuwa gabas, ba ya ƙyaftawa kamar jirgi, cikin 'yan mintoci ya ɓace. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da zai gitta. Zan duba in sa a nan. Wanda ke kusa da duwatsun Birni ya hau sama, can fitilu ba su da yawa.

Ɗan Birni: Ni zan kawo shayi. Amma in bai fito ba, Yaya Mai Gareji ne zai biya sukari.

Mai Gareji: Zai fito. Mushe, ka ce mini da wace rana ce tun da wuri in sallami yara, akwai wata Hilux da zan sauke wa giya, kar ta riƙe ni har isha'i.